Chardonnay a ma'ajiya: yadda ake ɗanɗanawa, yadda ake ajiya, da yadda ake gane ranar buɗe kwalba

Ana yawan cewa giyar inabi sai ta tsufa take daɗi. Wannan magana ta jawo asarar kwalaben Chardonnay masu ɗimbin yawa. Galibin farar giyar da ake yi da wannan inabi an yi ta ne don a sha cikin shekara biyu ko uku da girbi. Ko wadda aka yi musamman don ajiya, tana da lokacin da take kai ƙarshen hawanta, ta ɗan zauna a can, sannan ta fara gangarowa, kuma babu mai rubuta maka wannan lokaci a jikin kwalba. Hanya ɗaya na sani ta gano shi: ka buɗe kwalba guda, ka ɗanɗana, ka rubuta abin da ka ji, sauran kwalaben su jira hukuncin da hanci da harshe suka yanke.

Mataki na farko: ka san abin da ke hannunka

Chardonnay, wanda ake furtawa "shardone", inabi ne ɗan asalin Burgundi a gabashin Faransa. A 1999 masu bincike na Jami'ar Kaliforniya da ke Davis suka nuna, ta hanyar gwajin ƙwayar halitta, cewa iyayensa su ne Pinot da wani tsohon inabi mai suna Gouais Blanc. Abin da ya shafi mai ajiya shi ne, wannan inabi ba shi da wani ƙanshi mai ƙarfi na kansa. Halin ƙasar da aka shuka shi yake ɗauka, da hannun wanda ya sarrafa shi. Shi ya sa za ka ga kwalba biyu duk inabi ɗaya, wannan ta mutu a shekara uku, waccan tana nan da ƙarfinta a shekara goma sha biyar.

Fara da yanayin wurin. Inda ake sanyi, kamar Chablis a arewacin Burgundi ko tsibirin Tasmaniya a Ostiraliya, inabin yana nuna a hankali, yana riƙe tsaminsa. Inda rana ke da zafi, sukari yana yawa, tsami yana raguwa, barasa tana ƙaruwa. Tsamin nan shi ne ƙashin bayan farar giya. Jar giya tana da baurin da take samu daga fatar inabi yana kare ta, fara kuwa kusan ba ta da shi, don haka da tsami take dogaro.

Sai abubuwa uku da ake yi a gidan sarrafawa. Na ɗaya, mazubi: ko tankin ƙarfe mara tsatsa, ko gangar itacen oak, wadda a Burgundi take cin lita 228. Sabuwar ganga tana ba giya ƙanshin banila, kanumfari da gasasshen burodi, tsohuwar ganga kuwa ɗan numfashi kawai take ba ta. Na biyu, juyin tsami: bayan yisti ya gama mayar da sukari barasa, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke juya tsami mai kaifi irin na ɗanyar tuffa ya koma tsami mai laushi irin na madara. A wannan juyi ne ake samun sinadarin dayasetil, wanda ke kawo ƙanshin man shanu. Na uku, gwiɓar yisti da ke kwantawa a gindin ganga. Idan aka bar giya a kanta wata da watanni, takan yi kauri a baki, gwiɓar kuma tana kare ta daga iska. Wasu suna motsa gwiɓar da sanda lokaci-lokaci, wasu suna barin ta a kwance.

Game da takardar jikin kwalba: a Burgundi ba kasafai ake rubuta sunan inabin ba, sunan ƙauye ko gona ake sawa. Chablis, Meursault, Puligny-Montrachet, Chassagne-Montrachet, Corton-Charlemagne, Pouilly-Fuissé, farar giyarsu Chardonnay ce. Akwai kuma matakan daraja: ta yanki baki ɗaya, ta ƙauye, sai Premier Cru, sai Grand Cru a ƙoli. A Chablis ɓangarori bakwai ne na tudu guda suke da matsayin Grand Cru, cikinsu har da Les Clos da Valmur da Vaudésir. Shekarar da aka rubuta kuwa ta girbi ce, ba ta ɗurawa a kwalba ba. Ka lura cewa ƙasashen kudancin duniya, irin su Ostiraliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, tsakanin Fabrairu da Afrilu suke girbi, don haka giyarsu ta girmi ta Faransa mai shekara ɗaya da ita da kusan wata shida.

Mataki na biyu: shirya kofi da sanyi

Kofin gilashi mai ƙafa, fari tas, mai faɗin ciki da tsukakken baki, wanda babu warin sabulu ko na kabad a jikinsa. Ka zuba kamar mililita 50, ka riƙe shi ta ƙafa.

Sanyi shi ne inda aka fi yin kuskure. Firji yana kai kwalba wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, kuma a wannan sanyi ƙanshi yana ɓuya, tsami kaɗai ke fitowa. Wadda ba ta ga ganga ba tana son digiri 8 zuwa 10, mai nauyi ko tsohuwa tana son 11 zuwa 13. In ka fito da ita daga firji, ka ba ta minti ashirin zuwa talatin. Idan gwaji kake yi don yanke hukunci, gara ta ɗan fi ɗumi a kan ta fi sanyi, domin sanyi yana rufa wa aibi asiri. Ka ajiye kofin tofarwa kusa. Masu wannan sana'a tofarwa suke yi, saboda bayan kurɓi kaɗan da aka haɗiye barasa takan dakushe hankalin da ake aunawa da shi.

Mataki na uku: ɗanɗanawa

Karkata kofin a kan farar takarda ka dubi launi. Sabuwar Chardonnay fara ce mai ɗan rawaya, wani lokaci da ɗan kore-kore a gefe. Da shekaru takan koma ruwan zinariya, daga nan ruwan zuma, in ta wuce gona da iri ta zama kamar ruwan shayi. Farar giya duhu take ƙarawa da tsufa. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci da launi kaɗai, domin wadda ta daɗe a sabuwar ganga ko ta fito daga wuri mai zafi tana iya zama ruwan zinariya tun tana ƙarama. Abin tambaya shi ne ko launin ya dace da shekarunta, da kuma ko akwai ƙyalli a cikinsa. Giya mai rai tana sheƙi, wadda ta gaji takan dushe.

Sai hanci, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ka fara sunsunawa ba tare da ka motsa kofin ba. Sannan ka kaɗa shi a kan tebur giyar ta zagaya bango, ka sake kai hanci. Gajerun shaƙa biyu ko uku sun fi doguwa ɗaya, don hanci yana saurin gajiya. Ka nemi ƙanshi hawa uku. Hawa na farko na inabin ne: lemun tsami da koriyar tuffa daga wuri mai sanyi, nunanniyar tuffa daga matsakaicin wuri, abarba da mangwaro daga wuri mai zafi. Hawa na biyu na gidan sarrafawa ne: man shanu, banila, gasasshen burodi, hayaƙi kaɗan. Hawa na uku shi ne wanda shekaru a kwalba kaɗai ke kawowa: zuma, kakin zuma, ƙanshi irin na soyayyar gyaɗa, naman kaza, busasshen ɓawon lemu. Duk aikin mai ajiya shi ne ya lura da yadda hawa na farko ke ja da baya, na uku yana matsowa gaba.

Akwai wani ƙanshi da kan rikita sabon shiga, irin na ashanar da aka ƙyasta yanzu ko dutsen ƙyastu. Yana zuwa ne daga sinadaran dangin farar wuta a giyar da aka tsare ƙwarai daga iska. In kaɗan ne, masu yawa suna son sa, ni ma ina cikinsu, kuma yakan nuna giyar da ba ta sha iska ba tukuna, tana da sauran tafiya. In ya kai ga warin baragurbi ko ƙonanniyar roba, kuma ya ƙi tafiya bayan an kaɗa kofi na ɗan lokaci, to ya zama aibi.

Yanzu kurɓi. Ka ɗauki abin da zai jiƙa baki duka, ka zagaya da shi, ka ɗan ja iska ta tsakanin leɓɓa, ka riƙe daƙiƙa biyar zuwa goma, ka tofar. Sai ka sunkuyar da kai kaɗan ka ji yadda yawu ke taruwa a gefen harshe. Yawan yawun da saurin zuwansa shi ne ma'aunin tsami. Bayan haka ka lura da nauyinta, ko kamar ruwa take a baki ko kamar madara. Ka lura da zafi a maƙogwaro: galibin Chardonnay tana da barasa tsakanin kashi 12.5 da 14.5 cikin ɗari, kuma in zafin ya fito fili ya danne sauran, shekaru ba za su kwantar da shi ba, sai ma ya ƙara bayyana yayin da ƙanshin 'ya'yan itace ke raguwa.

Abu na ƙarshe, wanda na fi ba muhimmanci bayan tsami, shi ne tsawon ɗanɗano. Bayan ka tofar, ka ƙirga a zuci har ɗanɗanon ya ɓace. Ɗanɗano nake nufi, ba zafin barasa ko ɗacin katako ba. Wadda ta ɓace kafin ka kai biyar, ta sha yanzu ce. Wadda ta kai ashirin ko talatin tana canja kama a hanya, lemu ya ba gishiri-gishiri wuri, gishirin ya ba gyaɗa wuri, wannan tana da abin da za ta ci a doguwar tafiya.

Ka rubuta komai nan take: rana, sunan giya, shekarar girbi, launi, ƙanshi uku da suka fi fitowa, tsami, tsawo. Bayan shekara biyu ba za ka tuna ba, kuma in babu rubutun farko babu abin da za ka gwada na biyu da shi.

Kada ka shanye kwalbar gwaji a rana ɗaya. Ka bar kashi ɗaya cikin uku, ka toshe, ka mayar firji, ka sake ɗanɗanawa gobe da jibi. Giyar da ta ƙara buɗewa a rana ta biyu ta nuna tana iya jure iska. Wadda ta kwana ɗaya ta zama lami, ba ta ajiya ba ce.

Mataki na huɗu: wacce ta cancanci jira?

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Giyar da za ta tsumu da kyau tana da abu uku tun tana ƙarama: tsami mai rai, ɗanɗano mai yawa a dunƙule, da daidaito, wato babu ɗaya daga katako, barasa ko man shanu da ya hau kan sauran. Tana iya zama mai tsauri, mai ƙin magana, wannan ba laifi ba ne. Amma siririya mara ɗanɗano ba za ta yi ƙiba a kwalba ba, mai taushi mara tsami kuma ba za ta samo tsami daga ko'ina ba. Tsada ma ba hujja ba ce. Akwai masu tsada da aka gina su don su burge a shekarar farko, da sabuwar ganga da inabin da ya nuna har ya wuce, kuma irinsu ne ke saurin faɗuwa.

Ga ƙiyasin da nake aiki da shi, ana ƙirgawa daga shekarar girbi. Ta yau da kullum daga ko'ina, da Petit Chablis da Mâcon-Villages, masu sauƙi na Burgundi, shekara ɗaya zuwa uku. Chablis ta ƙauye, uku zuwa shida. Meursault, Puligny da Chassagne na matakin ƙauye, huɗu zuwa takwas. Premier Cru daga gida mai hannu, biyar zuwa goma ko sha biyu. Grand Cru, takwas zuwa goma sha biyar, wasu su zarce. Masu kyau na Kaliforniya, uku zuwa bakwai, sai dai na wurare masu sanyi kamar gaɓar tekun Sonoma da tsaunukan Santa Cruz suna iya haura goma. Manyan na Margaret River a yammacin Ostiraliya, musamman masu murfin murɗawa, sukan kai goma lafiya lau. Wannan ƙiyasi na fara tafiya ne kawai, kwalbar da ka buɗe ita ke da magana ta ƙarshe.

Shekarar girbi tana matsar da waɗannan lambobi gaba ko baya. A 2003 Turai ta sha matsanancin zafi, farar giyar Burgundi ta wannan shekara ta fito da ƙarancin tsami, yawancinta ta sha da wuri ce. Ta 2014 kuwa an yaba mata saboda tsafta da kaifin tsaminta, irin wadda ake iya yi wa haƙuri.

Yana da kyau a tuna cewa ƙuruciya ba aibi ba ce ga wannan giya. A gasar ɗanɗano ta birnin Paris da Steven Spurrier, wani ɗan kasuwar giya ɗan Ingila, ya shirya a watan Mayun 1976, inda alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin suna ba, Chardonnay ta gidan Chateau Montelena na kwarin Napa a Kaliforniya ce ta zo ta ɗaya a ɓangaren farare. Girbin 1973 ce, ko shekara uku ba ta cika ba.

In ka yanke shawarar ajiya, kada ka sayi kwalba ɗaya. Mai kwalba ɗaya caca yake yi, don ranar da ya buɗe ita ce ranar da zai san ko ya yi wuri ko ya makara, kuma babu gyara. Shida ne mafi ƙaranci, sha biyu sun fi. Girman kwalba ma yana da tasiri: ta kullum mililita 750 ce, babbar da ake kira magnum lita ɗaya da rabi, kuma tun da iskar da ke wuyansu kusan ɗaya ce, babbar ta fi jinkirin tsufa, rabin kwalba kuwa ta fi kowacce sauri.

Mataki na biyar: wurin ajiya

Ana son digiri 12 zuwa 13, kuma wanda ba ya hawa da sauka. Zafi yana hanzarta duk wani canjin sinadari, kuma a ƙiyasin masana, ƙarin digiri goma yana iya ninka saurin. Kwalbar da ta yi shekara a ɗaki mai digiri 25 ta tsufa fiye da shekarunta, kuma tsufa ne mara kyau, mai ɗanɗanon dafaffen abu. Wanda ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, firji na musamman na giyar inabi shi ne mafita. Firjin kicin ya yi sanyi da yawa kuma iskarsa busasshiya ce, na 'yan makonni ne kawai. In babu ɗaya daga cikin biyun, shawarata ita ce a bar batun doguwar ajiya, a sayi wadda ta riga ta nuna.

Danshi ya kasance wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari don kada matoshi ya bushe. Kwalba mai matoshin ɓawon itace a kwance ake ajiye ta, mai murfin murɗawa ko a tsaye. Duhu wajibi ne, domin haske yana jawo wa farar giya wari irin na dafaffen kabeji, musamman a kwalba mai farin gilashi. Barin su cikin katan ɗinsu ya wadatar.

Mataki na shida: bibiya, da karanta alamun shekaru

A ce kana da kwalba shida na Premier Cru. Ka buɗe ta farko cikin watannin da ka saya, ita ce ma'auni. Ta biyu a shekara ta huɗu ko ta biyar da girbi. Daga nan abin da ka tarar shi zai gaya maka tazarar da za ka bari.

Idan ka tarar launi bai motsa ba, lemu da tuffa na nan gaba, katako yana gefe guda bai narke cikin giyar ba, tsami yana yanka, to ba ta iso ba. Ka ba ta shekara biyu. Wani lokaci kuma za ka tarar da ita shiru, ƙanshin ƙuruciya ya tafi, na girma bai zo ba, kamar ba ita ce ka sha a baya ba. Wasu manyan giya sukan shiga irin wannan yanayi 'yan shekaru bayan ɗurawa. Abin da zai raba maka shiru da mutuwa shi ne launi da tsawo. In launi na da haske, ɗanɗano kuma yana daɗewa a baki ko da hanci bai ji komai ba, barci take yi. Ka juye ta a wani mazubin gilashi na awa ɗaya ka gani, sau da yawa takan farka.

Idan ka tarar ta koma ruwan zinariya mai sheƙi, 'ya'yan itacen na nan amma sun nuna, zuma da gyaɗa sun shigo suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da su, ba ka iya cewa ga inda katako ya tsaya ga inda giya ta fara, tsami kuma ya yi laushi amma yana riƙe da komai, to ka iso. Wannan shi ne abin da aka yi jiran dominsa. A nan mutane da yawa suke kuskure, su ce tun da ta yi kyau haka, bari a ƙara mata shekara uku ta fi haka. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ka fara sha, kwalba ɗaya duk wata huɗu zuwa shida, ka bar guda ɗaya tak in kana son ganin ƙarshen labarinta.

Idan kuwa launi ya doshi ruwan zuma mai duhu, ƙanshin tuffar da aka yanka aka bari ta yi ja ya fito, 'ya'yan itace sun tafi, tsakiyar ɗanɗanon ta zama rami, tsami ya tsaya shi kaɗai da ɗan ɗaci a ƙarshe, to tana gangarowa. Ka buɗe sauran cikin 'yan makonni.

Akwai kuma bambancin ra'ayi, kuma halal ɗin kowa ne ya san nasa. Wani ya fi son kaifin lemu na shekara huɗu, wani sai ya ji naman kaza da kakin zuma na shekara goma sha biyu. Littafin rubutunka zai nuna maka a wace gaɓa kake yawan rubuta yabo, kuma wannan gaɓa ita ce lokacin buɗewa a wajenka, ko da masana sun ce da saura.

Dole in tsaya a kan wata matsala da ta canja yadda ake ajiye farar giyar Burgundi. Tun daga girbin tsakiyar shekarun 1990, musamman 1995 da 1996, masu ajiya suka fara tarar da kwalaben manyan gidaje sun sha iska sun mutu a shekara biyar zuwa bakwai, alhali an saba su kai ashirin. Abin da ya fi ciwo shi ne rashin tabbas: katan ɗaya, wannan kwalba garau, ta kusa da ita ruwan shayi. An danganta abin da dalilai da dama, ciki har da rashin ingancin matosai, rage sinadarin farar wuta da ke kare giya, yawan motsa gwiɓa, da sababbin injinan matsa masu fitar da ruwa tatacce ƙwarai. Masana Denis Dubourdieu da Valérie Lavigne na Bordeaux a Faransa sun yi bincike a kan tsufan wuri na farar giya, kuma cikin sinadaran da ake gane shi da su akwai sotolon, mai ƙanshi irin na hulba. Gidaje da yawa sun gyara aikinsu, wasu sun koma matoshin Diam, wanda ake yi da niƙaƙƙen ɓawon itacen da aka tsarkake. A Ostiraliya da Niyu Zilan kuwa tun farkon shekarun 2000 aka rungumi murfin murɗawa, kuma kwalabensu sun fi tafiya bai ɗaya.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Na taɓa ajiye kwalba shida daga wani ƙauye na Côte de Beaune, wani yanki na Burgundi. Ta uku da na buɗe a shekara ta shida ta kai yadda ake so, amma na ce bari in jira wani babban lokaci. Da na dawo kansu bayan shekara uku, biyu sun yi duhu, ƙanshin tsohuwar tuffa kawai ke tashi, ɗaya ce ta tsira. Har yanzu ina jin takaicin waɗannan biyun, domin shekarar aikin manomi ce da ta mai sarrafawa ta tafi a banza. Tun daga nan, duk shekara nakan fito da 'yan katan ɗaya in jera su, in haska tocila ta bayan wuyansu. Gilashin Burgundi mai launi ne, ba za ka ga ainihin launin giyar ba, amma za ka ga wadda ta fi 'yan uwanta duhu. Ita ake fara buɗewa. Haka ma wadda giyarta ta fi sauka a wuya, ko wadda ka ga alamar yoyo a bakinta.

Mataki na bakwai: ranar buɗewa

Ka tsayar da tsohuwar kwalba kwana ɗaya kafin lokaci, ka kai ta digiri 12 ko 13. Matoshin da ya haura shekara goma yana iya marmashewa, don haka ka murɗa mabuɗi a hankali har ƙasa, ko ka yi amfani da mabuɗi mai harshe biyu da ke shiga ta gefen matoshi. In ka ga ƙananan ƙwayoyi kamar gishiri ko gilashi a gindin kwalba ko jikin matoshi, gishirin tsamin inabi ne da sanyi ya daskarar, ba ya cutarwa.

Ka zuba kaɗan ka sunsuna. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗaki mai rima alama ce ta sinadarin TCA, wanda galibi daga matoshi yake zuwa, kuma ɗan mitsitsinsa ya isa ya kashe ƙanshin giya. Wannan laifin kwalba ɗaya ne, bai ce komai a kan sauran ba, don haka kada ya sa ka yanke wa katan duka hukunci. Ka buɗe wata. Wanda yake da na'urar Coravin, wadda ta shigo kasuwa a 2013, mai huda matoshi da siririyar allura ta cike gurbin abin da aka zuba da iskar argon, yana iya ɗanɗana kaɗan ba tare da ya buɗe ba. Tana da amfani wajen bibiya, sai dai ni kwalbar da na huda nakan sa ta a sahun gaba, in sha ta cikin 'yan watanni.

Kada ka yanke wa tsohuwar giya hukunci a minti na farko. Wadda ta yi shekara goma a rufe takan fito da ɗan warin kulle, wani lokaci har launinta ya tsorata ka, amma bayan minti goma sha biyar a kofi sai ta washe, ƙanshi ya fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta mutu da gaske kuwa ƙara lalacewa take yi da iska. Saboda haka ba na juye tsohuwa ƙwarai a wani mazubi, a kofi nake barin ta ta buɗe, ina komawa kanta duk bayan minti goma. Ka rubuta yadda take a farko, da bayan rabin awa, da bayan awa ɗaya. In a awa ɗaya tana ƙara kyau, sauran kwalaben na da shekara ɗaya ko biyu a gaba. In a rabin awa ta fara dushewa, ka sa ranar buɗe ta gaba cikin wannan watan.